Sawun Kamfas

Baba Ɗanboyi ya ɗaga littafin saitin hasken ƙofar shago, ya karkata shi dama, ya karkata hagu, kamar mai neman huda a jikin ƙwarya. Sannan ya zare tabarau ya dubi Malama Priskila.

"Ina sawun?"

"Sawun me, Baba?"

"Sawun kamfas mana. Yarinyar nan ta raba layi gida biyu daidai wa daida, ta fitar da kusurwa mai digiri sittin, ga da'ira kamar an kifa faifai an zagaye. To ina ƴan baka-bakan da kamfas ke bari in an juya shi? Ko aljanu ne suka zana mata?"

Priskila ta yi dariya, ta zaci yabo ne ya biyo ta bayan gida. Littafin na Hidaya ne, shugabar ajinta, kuma da gangan ta ɗauko shi tun daga Katagum don ta nuna wa tsohon malaminta irin hannun da ta horar. Yau ƴan matanta arba'in da uku suke rubuta lissafi a jarrabawar fita sakandare. Ranar da ake rubuta darasin malami kuwa ba a son ganin ko inuwarsa a makaranta, shi ya sa ta bi motar sassafe ta taho Azare, ta rage zullumi a shagon littattafan Baba Ɗanboyi da ke bayan tasha. Mutumin Bogoro ne kamar ita, shi ya koyar da ita a sakandare, ya kuma shekara ashirin da ɗoriya yana makin takardun jarrabawa kafin ya yi ritaya.

"Ai gogewa muke yi, Baba," ta ce tana gyara ɗankwali. "Da an gama sai a sa kilina a share tarkacen, a bar zane fes. Wadda ta bar min datti ma rage mata maki nake yi."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ajiye littafin a kan kantar shagon a hankali.

"Dukkansu haka suke yi?"

"Dukkansu."

"Yau ma haka za su yi?"

Priskila ta gyaɗa kai.

"Ƴata, saurare ni da kyau," ya ce. "Mai maki yana can wani gari, bai ga hannun yarinya ba, takarda kawai ya gani. An ce a yi da rula da kamfas kaɗai. Ta yaya zai san da kamfas ta fitar da kusurwar nan, ba ma'auni ta ɗora ta kwafa ba? Sawun nan shi ne shaidarta. Kowane baka da makinsa. Na ja jan biro a kan irin wannan zanen ya fi sau dubu, ina jin tausayi ina ja. In babu sawu, cikin maki goma sha biyu da ƙyar a ba ta biyu."

Priskila ta jawo littafin ta ƙura wa zanen ido.

Ita dama ba lissafi ta karanta ba, aikin gona ta karanta. Shekara uku da suka wuce aka ɗauke malamin lissafinsu aka kai Gamawa, shugabar makarantar ta duba hagu da dama ta ce, "Ke ce kika fi kusa, riƙe mana kafin a turo wani." Har yau ba a turo ba. Ta koya wa kanta daga littafi, yau ta karanta gobe ta koyar. Babu kamfas na allo, da igiya da alli take juya da'ira. Allon kuwa ya koɗe, in ta bar baka-bakan nan na bayan aji ba sa gane ina zane ina tarkace, sai ta riƙa sa dasta tana sharewa. Tana sharewa a allo, suna sharewa a littafi, har abin ya zama doka, ita kanta ta manta dalilin da ya sa aka fara.

Kuma a kan wannan tambayar ta kasa duk hajarta. Ƴan matanta da sun ga x da y sun haɗu sai idonsu ya raina fata, amma zane suna sonsa. Ta koya musu lokas, wato layin da ɗigo ke bi in an kafa masa sharaɗi, da akuya ɗaure a turke, duk inda ta zagaya igiya a miƙe da'ira ce. Ta koya musu da gidaje biyu masu son rijiya ɗaya, kowa ya ce kada ta fi kusa da ɗan'uwansa, ina da ina za a iya haƙawa? Suka gane, suka ƙware. Ko jiya da yamma sai da ta tsaya a gabansu ta ce, "Duk wadda ta ga tambayar zane ta cafke ta. Maki goma sha biyu ne a tafin hannu, su ne za su tsallakar da ku."

Sai fuskoki suka fara zuwa mata, na bara da na bara waccan. Yaran da suka fito suna tsalle suna cewa Malama an yi zane, sakamako ya fito suka rasa kiredit da ɗan ƙiris, ita kuma ta ce musu ƙaddara ce.

"Ƙarfe nawa suke shiga?" Baba Ɗanboyi ya katse ta.

"Na zaɓi-ka-cike ƙarfe goma. Mai zanen sha biyu. Akwai hutun kwata a tsakani."

Su biyun suka dubi agogon bango. Goma saura minti takwas.

Ta fizgo waya daga jaka. Ta kira Hajiya Fanna, shugabar makarantar, a kashe. Ta kira mataimakinta, a kashe. Ta bi malamai huɗu ɗaya bayan ɗaya, duk an karɓe wayoyinsu an zuba a kwali kamar yadda ake yi ranar jarrabawa. A kira na bakwai aka ɗauka. Umara ne, mai gadi.

"Malam Umara, don girman Allah, saƙo zan ba ka. In yaran nan sun fito hutu ka ce da Hidaya in ji ni, kada kowa ta goge sawun kamfas."

"Malama, ki rufa min asiri," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ga ɗan sanda nan zaune a kan bencina yana cin gyaɗata. Mutumin da aka turo sa ido kuwa ko murmushi ba ya yi. Ni in kai saƙon malamar lissafi ranar lissafi? Ƴaƴana bakwai."

"Ba amsa ba ce, wallahi ba amsa ba ce!"

"Ni ina na san amsa da wadda ba amsa ba? Ko sunana da dangwale nake sawa. Ki yi haƙuri." Ya kashe.

Ta sake kira, ya ƙi ɗauka. Ta juya ta dubi Baba Ɗanboyi, sai ta ga har ya fita bakin titi yana ɗaga sandarsa yana ƙwala kira.

"Babagana! Kai Babarbare! Ba ka ce Katagum za ka kai takin nan ba?"

Wani dogon mutum mai tsage a kumatu ya leƙo daga ƙarƙashin wata tsohuwar akori-kura da aka lafta wa buhunan taki.

"Sai na karya, Baba. Tun asuba ko ruwan shayi..."

"Ka karya a lahira. Ɗauki ƴata, sha biyu saura kwata a ƙofar makarantar ƴan mata ta yi muku."

Babagana ya dubi agogon hannunsa, ya dubi motarsa, ya yi tsaki. "Wannan tsohuwar? Da taki buhu arba'in? Baba, jirgi ka ɗauke ta?"

Priskila ba ta jira ƙarshen gardamar ba, ta cusa littafin a jaka, ta buɗe ƙofar motar ta shige gaba ta zauna. Babagana ya ga idonta, ya haɗiye sauran maganarsa, ya goge hannu a riga ya shiga. Sai da mutum uku suka tura kafin motar ta yi tari ta tashi.

Sun bar Azare goma da minti goma. An yi ruwa kwana biyu a jere, gero ya kai gwiwa, duniya ta yi shar, ita kuwa ba abin da take gani sai allurar gudu da ta ƙi wuce hamsin. Kowane rami sai Babagana ya taka birki ya lallaɓa kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Malam Babagana, don Allah ka ƙara wuta."

"Malama, in na ƙara, ni da ke da taki duk a gonar wani za a tsince mu. Wai mutuwa aka yi ne?"

"Jarrabawa ce."

"Jarrabawa!" Ya buga sitiyari. "Na bar kokona da ƙosai saboda jarrabawa?"

Ta gaya masa. Ba ta san dalili ba, wataƙila don in ta yi shiru ƙirjinta zai fashe. Ta gaya masa akuya da turke, da sawun kamfas, da dasta, da yara arba'in da uku, da waɗanda ke son shiga makarantar jinya, da waɗanda iyayensu suka ce sau ɗaya za a yi, in an faɗi a dawo gida. Ya saurara har suka wuce Gadau.

"Wato kamar a ce ni na kai takin nan," ya ce daga baya, "na sauke, sannan na bi hanya da tsintsiya ina share sawun tayata. Mai kaya ya ce ai ba ni na kawo ba."

"Haka ne."

"Kuma ke kika ba su tsintsiyar."

"Ni ce."

Ya girgiza kai, ya ce wani abu da Barbarci, ya danna ƙafa. Allura ta haura sittin, motar ta ɗauki kuka kamar za ta tarwatse.

Sha ɗaya da minti biyar, bayan sun wuce Sakwa, suka hango jerin motoci a tsaye. Babagana ya ce innalillahi tun kafin su isa. Ruwa ya cinye kwalbati, ya yanke titi gida biyu, ja-jawur yana gudu ta tsakiya. Direbobi sun fito sun yi cirko-cirko, wasu har sun shimfiɗa tabarma a gindin motocinsu.

"Sai ya janye," wani ya ce musu. "Zuwa la'asar in Allah ya so."

Priskila ta sauko. Faɗin ruwan bai fi taku talatin ba. A tsallake ga ƴan acaɓa nan sun jeru suna jiran wanda zai yi ƙundumbala ya tsallako. Wasu maza biyu suna tsakiya riƙe da juna, ruwan ya kai musu ƙugu.

"Malama, kada ki fara," Babagana ya ce. "Ƙasan nan ya zaizaye, akwai rami. Kin iya ruwa?"

"Ban iya ba."

Ta cire takalmi ta cusa a jaka, ta ɗora jakar a ka, ta tattare zani ta ɗaure tam. Mutane suka fara magana. "Ke baiwar Allah!" "Wannan da hankalinta kuwa?" Ta sa ƙafa. Sanyi ya ratsa ta har ƙwaƙwalwa, laka ta kama ta. Taku biyar ruwa ya kai cinya, taku goma ya fara jan ta gefe kamar mai hannu. A na goma sha biyu ƙafarta ta dama ta taka babu, ta tafi gaba ɗaya, ta sha ruwa ta hanci, ta ji jakar ta bar kanta.

Wani hannu ya damƙo ta a damtse ya fizgo.

"Ba na ce akwai rami ba!" Babagana ne, da rigarsa da hularsa, ruwa har ƙirji. "Riƙe ni nan! Yau na ga ta kaina, ko karyawa ban yi ba zan mutu a kan kamfas!"

Ya ja ta har tsallake, ya tura ta kan tudu. Jakar ta tafi, da waya, da takalmi, da littafin Hidaya. Ta tsaya tana tari, ruwa na zuba daga jikinta.

"Ƙarfe nawa?" shi ne abin da ta fara cewa.

Babagana ya dubi agogonsa da ya cika da ruwa, ya yi tsaki. Wani ɗan acaɓa mai furfura a gemu ya ce, "Sha ɗaya da ashirin da biyar, Hajiya."

"Ɗauke ta," Babagana ya ce da shi. "Makarantar ƴan mata, Katagum. Ka dawo ka same ni nan, ga motata can ba inda za ta. Ka tashi sama in ka iya."

Ba ta ko yi masa godiya ba, sai a hanya ta tuna. Iska ta riƙa dukan jiƙaƙƙen zaninta, haƙoranta na haɗuwa, tana ta maimaita jimla ɗaya a ranta don kada ta isa ta rasa ta. Sau biyu garken shanu ya tare hanya. Sau ɗaya babur ɗin ya zame a laka har sai da ta sa ƙafa a ƙasa, wani abu ya yanke ta a diddige, ba ta duba ba.

Tun daga nesa ta hango fararen hijabai a ƙarƙashin darbejiyar gaban zauren jarrabawa. Sun fito hutu. Ta dira kafin babur ya tsaya, ta ruga ƙofa. Umara ya miƙe ya tare ta, ɗan sanda ya miƙe a bayansa, dukkansu suna kallon matar da ta zo ba takalmi, ɗankwali a wuya, laka har gira.

"Malama, kin kashe ni," Umara ya ce.

Tsakaninta da yaran bai fi taku arba'in ba. In ta buɗe murya za su ji. Har ta ja numfashi, sai ta tsaya. In ta yi ihu daga nan, wanda aka turo sa ido zai rubuta cewa malamar lissafi ta jefa wa ɗalibai magana ta kan katanga, a riƙe sakamakon makarantar gaba ɗaya. Garin neman gira a rasa ido.

"Kira min mai sa ido," ta ce da ɗan sandan. "Shi da kansa. Ka ce malamar lissafi ce ta zo."

Hajiya Fanna ce ta fara isowa, tana tafe mayafinta na jan ƙasa, ta manne da ƙarfen ƙofa ta yi magana ta cikin haƙora.

"Priskila, kin haukace? Me kike nema a nan yau? So kike ki rufe min makaranta?"

A bayanta ga Malam Abdulrahim, wanda hukumar jarrabawa ta turo daga wajen Misau, siriri, fuska ba annuri, rungume da ambulan ɗin tambayoyi har yanzu a liƙe.

"Ke ce malamar darasin?" ya ce. "Kin san doka?"

"Na sani, Malam."

"To me ya kawo ki?"

Priskila ta dubi Hajiya Fanna, matar da ta riƙe ta kamar ƙanwa shekara uku, take gabatar da ita ga baƙi tana cewa ga wadda ta ceto mana lissafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Kuskure na koya musu," ta ce. "Shekara uku ina sa su goge sawun kamfas in sun gama zane. Yau da safe na san cewa sawun ake ba maki. Ban san abin da ke cikin ambulan ɗin nan ba, yana hannunka a rufe. Jimla ɗaya nake roƙo in faɗa musu, a gabanka, kana ji."

Hajiya Fanna ta saki ƙarfen ƙofa. "Shekara uku?" ta ce. "Har da su na bara?"

"Har da su, Hajiya."

Malam Abdulrahim ya dubi agogo, ya dubi ƙafarta da ke zubar da jini a kan yashi.

"Daga ina kike?"

"Azare."

"An ce ruwa ya yanke hanya."

"Ya yanke."

Ya gyara riƙon ambulan ɗin. Can wajen zaure wani malami ya ɗauki ƙararrawa yana jiran alama.

"Faɗa min jimlar," in ji Malam Abdulrahim.

"Kada ku goge sawun kamfas."

"Wannan ba amsa ba ce, ƙa'idar aiki ce," ya ce a hankali, kamar da kansa yake shawara. "Amma ki sani, tunda kin tako ƙofar nan yau, sai na sa sunanki a rahoto, da abin da kika faɗa, da dalilin da ya sa kika faɗa. Zai je ma'aikata. Ba ruwan yara, ke zai hau. In kuma kin juya yanzu, ban gan ki ba."

"Rubuta, Malam. Priskila Kevin."

Ya ɗaga hannu aka taso ƴan matan. Suka taho a dunƙule, suka tsaya taku goma daga ƙofa inda ya nuna musu, suna zare ido. Wasu suka toshe baki ganin yadda ta koma.

"Minti ɗaya," ya ce. "Daga nan inda kike."

Ta kama ƙarfen da hannu biyu. "Ku saurare ni! In kun yi zane, kada ku goge sawun kamfas. Ko ɗaya! Ku bar shi yadda yake!"

Ba wadda ta motsa. Suka dubi juna. Hidaya ce ta matso, goshinta a tattare.

"Malama, ai ke kika ce aikin ƙazamai ne. Ranar Litinin ma kin rage wa Victoria maki uku."

"Ni na ce, kuma ban faɗi daidai ba. Ban sani ba ne, Hidaya. Na cuce ku ban sani ba." Ta ƙara ɗaga murya. "Duk abin da na gaya muku a kan gogewa ku zubar. Dattin nan shi ne makin. Kun ji ni? Ku ce kun ji!"

"Mun ji, Malama," suka ce, wasu da ƙarfi, wasu kamar masu tambaya.

"Ya isa," in ji Malam Abdulrahim. Ƙararrawa ta kaɗa.

Suna juyawa ta shiga ƙirga kawuna, amma hijabai iri ɗaya ne kuma suna tafiya. Ta samu arba'in da biyu. Ta sake, ta samu arba'in da huɗu. Kafin ta yi na uku zaure ya haɗiye su. Hajiya Fanna ta daɗe tana kallon ta, sannan ta ce, "Gobe ƙarfe takwas, ofishina," ta juya ta tafi.

Awa biyu da rabi Priskila ta yi a gindin katanga ta waje. Umara ya miƙo mata silifas ɗinsa na alwala da tsumma ta ɗaure diddige, bai yarda sun haɗa ido ba. Zaninta ya bushe a jikinta ya yi tauri. Ba ta tunanin rahoto, ba ta tunanin gobe. Hannaye take gani, hannaye arba'in da uku da ta horar da kanta, kowanne ya gama zane ya miƙa wajen kilina tun kafin mai shi ta yi tunani. Shekara uku a gefe ɗaya, minti ɗaya a ɗaya gefen. Ta yi addu'a da Hausa, ta yi da yaren garinsu, ta koma ta rasa abin cewa sai "Ya Ubangiji" kawai.

Biyu da rabi aka buɗe ƙofa. Hidaya ce a gaba, da gudu.

"Malama, ya fito! Lamba tara! Alwatika, da lokas biyu, a nemo inda suka haɗu!"

"Kin goge?"

"Wallahi sau biyu hannuna yana kai wa kilina, sai na zauna a kanta. Takardata kamar kaji sun yi tono."

Priskila ta rungume ta, ta sake ta, ta shiga bin sauran ɗaya bayan ɗaya tana kama su a kafaɗa. Kin bari? Na bari. Ke fa? Na goge na farko sai na tuna, na sake zanawa. Ke fa? Na bari, Malama. Victoria ta ce ita dama can gogewar wahala take ba ta, aka kwashe da dariya. Talatin da tara, arba'in, arba'in da ɗaya, arba'in da biyu. Ta jingina da katanga tana dariya hawaye na zuba.

Sai ga Ikhlas ta fito a ƙarshe, ƴar siririya mai zama a bencin baya, wadda mahaifinta ke kawo ta a keke daga ƙauye kullum. Tun jiya zazzaɓi ke damun ta, lokacin hutu tana ɗakin shan magani a kwance, sai da aka kaɗa ƙararrawa aka taso ta kai tsaye zuwa zaure. Idonta ya faɗa, leɓenta ya bushe, amma fuskarta kamar an ba ta kyautar duniya.

"Malama! Ashe kin zo!" ta ce tana haki. "Na yi lamba tara. Yau kam da kin gani da kin yi alfahari da ni. Sai da na bi shi sau biyu da kilina, ko ɗigo ban bari ba. Fes!"

Dariyar ƴan matan ta ɗauke ɗif. Ikhlas ta dubi wannan, ta dubi waccan, murmushinta ya fara raguwa.

"Mene ne? Amsar ba santimita huɗu da ɗigo shida ba ce?"

"Ita ce," Hidaya ta ce, kanta a ƙasa.

"To me ya faru? Malama?"

Priskila ta taka da silifas ɗin da ya yi mata yawa, ta kama hannun yarinyar, ta ji shi zafi rau. Ta ja ta gefe, nesa da sauran, zuwa inuwar katanga.

"Zauna, Ikhlas," ta ce. "Zauna in gaya miki abin da na yi miki."